Hantsaki Ba Ta Kallon Abin da Take So

Shekara talatin da huɗu ke nan matar da ake kira Hantsaki tana zama a kujera ɗaya, layi na biyu daga taga, a masana'antar da ke ƙera bawul. In ba ka san bawul ba, shi ne 'yar kwalbar gilashin nan da ke cikin tsofaffin rediyo da amfilifaya mai ƙara sauti, wadda in an kunna take yin ja a ciki kamar garwashi. Duniya ta daɗe da barinsa ta koma ga wasu ƙananan abubuwa marasa zafi, amma masu kaɗa jita da wasu masu tsirfar kunne sun rantse sauti ba ya daɗi sai ya bi ta cikinsa. Hantsaki ba ta taɓa jin bambancin ba. Ita duk kiɗa hayaniya ne a wurinta. Amma tunda tsirfar tasu ce ta ciyar mata da 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa zaginsu a gaban mutane ba.

Aikinta haɗa kayan cikin bawul ne kafin a kifa masa gilashi. Ana kawo mata su a faranti mai murfi. Akwai 'yar sanda siririya mai farin shafe, wadda su a ɗakin suke kira zuciya, domin ita ce ke ɗaukar zafi. Akwai raga, wato wayar da ta fi gashin kai siranta, an nannaɗe ta a kan ƙarafa biyu. Sai rigar ƙarfe da ke rufe su, da 'yan faya-fayai masu huda da ke riƙe kowanne a mazauninsa don kada wani ya taɓa wani. Da hantsaki take ɗaukar kowanne, ta zura, ta daidaita, ta taka feda injin walda ya ɗan yi tartsatsi, ta ajiye ta ɗauki na gaba. Daga nan sunan ya bi ta. Ko 'ya'yanta, in an tambaye su a unguwa, 'ya'yan Hantsaki suke cewa.

Daga teburinta kayan kan wuce ɗakin wuta, a kifa gilashi, a narkar da bakinsa ya manne, injin ya zuƙe iskar ciki tas, a liƙe. To nan gizo ke saƙar. Duk abin da aka rufe a ciki ya zauna ke nan har abada. Maiƙon yatsa, zaren riga, ɗigon yawun da ido ba ya gani, ranar da bawul ya ɗau zafi sai su tashi su zama hayaƙi, sauti ya lalace, wani mai jita a wata uwa duniya ya zauna ya rubuto wasiƙar zagi.

Ranar da ta fara aiki tana 'yar shekara goma sha tara, shugabar ɗakin wata doguwar mata ce da ake kira Rula, saboda abin da ba ya barin hannunta. Rula ta hana man shafawa, ta hana hoda, ta hana taɓa kaya sai da safar yatsu. Ta so ta hana magana ma gaba ɗaya, amma mata arba'in a ɗaki ɗaya, ko Rula ta san inda ikonta ya tsaya. Sai aka yi sulhu: ki yi maganarki, amma ki kau da fuska daga aikin. Duk wadda ta buɗe baki tana fuskantar faranti, rula ta sauka a kafaɗarta. Abu ɗaya kawai aka yarda ki yi magana kina kallonsa, shi ne kwandon tarkace, inda ake jefa abin da ya lalace. Wannan ko atishawa kika yi masa babu ruwan kowa.

Mako uku Hantsaki ta yi tana shan rula, wuyanta ya haddace darasin. Bayan shekaru aka kawo takunkumin rufe baki, aka ce yanzu kowa ta kalli inda ta ga dama, amma wuya ya riga ya koya. Rula ta yi ritaya, ta rasu, aka yi shugabanni uku a bayanta, har gobe in ka leƙa ɗakin za ka ga hannuwa na aiki a gaba, magana na zuwa kuma kai ya karkata hagu a gaya wa bango, in ta ƙare ya dawo. Sababbin ma'aikatan da ba su taɓa ganin Rula ba ma, cikin wata guda suke kwashewa.

Sabo turken wawa. Hantsaki ta tafi da abin gida ba ta sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Duk abin da ke da daraja a idonta, in za ta yi magana kusa da shi sai kanta ya juya hagu da kansa. Tukunyar miya, sababbin kofuna, jariri, mijinta. Abin da kuwa ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, shi take tsura wa ido ta faɗi abin da ke ranta. Mijinta, wani mai gyaran takalma mai sanyin hali, ya ɗauka kunya ce, abin har burge shi yake yi. Ya taɓa mayar da kujerarsa ta hagu don ya tare ta a hanya, sai ta koma dama. Daga nan ya haƙura, ya zauna da ita a haka har Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yan kuwa a ciki suka buɗe ido, in ka tambaye su ba za su ma gane abin da kake nufi ba.

Mutum ɗaya ce a duk benen da suke zaune ke samun cikakkiyar fuskar Hantsaki, ita ce maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon tasu, wadda ake kira Sanarwa. Matar nan in ta ji abu da safe, kafin azahar har mai gadin bene na gaba ya ji, da ƙari. Ba ta wanke hannu, tana lasar yatsa ta buɗe jarida, tana barin kwano a buɗe. Hantsaki ba ta ƙi jinin kowa kamarta ba, don haka duk sanda suka haɗu a matakala sai ta dube ta tsakiyar ido ta gaishe ta. Sanarwa ta bi unguwa tana cewa a duk benen nan ita kaɗai Hantsaki ke sakar wa fuska, su aminan juna ne tun ba yau ba.

Manyan 'ya'yan uku suka yi aure suka watse, ya rage sai Auta, direban bas. Da ya tashi nasa auren ya ce ba zai bar uwarsa ita kaɗai ba, ya kawo matarsa nan gidan. Malamar firamare ce, mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Ranar da ta fara shigowa, Hantsaki hannunta ta fara dubawa kafin fuska. Farce a yanke. Ta ga yarinyar ta wanke kofi ta riƙe shi ta gindi, ba ta sa yatsa a bakinsa ba, ta kuma rufe gwangwanin sukari ba tare da wani ya ce ta rufe ba. Nan take ta shiga ranta, irin shigar da ko 'ya'yan cikinta sai da suka sha wuya kafin su samu. Saboda haka ta juya ta yi wa kalandar da ke bango barka da zuwa, ta ce mata nan gidanta ne, ta saki jiki.

Ita kuwa Malama yini take tana gaya wa 'yan aji biyu su dube ta in suna magana da ita. A iliminta, wanda ya ƙi kallonka ko ƙarya yake yi maka ko ba ya ƙaunarka, kuma ba za a ce ta yi kuskure ba, tunda ba ita ta fara cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba. Da fari ta ce baƙunta ce, za ta wuce. Ta duƙufa neman shiga. Ta haddace yadda surukarta ke son shayi, ta gyara mata ɗaki, ta sayo mata mayafi. Kowane alheri ta yi, wuyan ya ƙara karkata. Ranar da ta wanke mata farar rigar aiki ta goge ba tare da an sa ta ba, daɗi ya kama Hantsaki har ta kusa nuna mata ƙeya wajen godiya.

Malama ta kai ƙara wurin mijinta. To, mutumin da ya saba magana da fasinja idonsa na kan titi, me zai gani? Ya ce shi bai lura da komai ba, Inna haka take da kowa. Malama ta ce ba da kowa ba, ai tana kallon Sanarwa. Auta ya yi tunani, ya ga gaskiya ne, sai ya ce to ai wannan aminiyarta ce. Da ya san ɓarnar da wannan kalma ta yi, da ya haɗiye ta.

A shekara ta biyu Malama ta haifi 'ya mace. Hantsaki ta yi jikoki shida kafin wannan, amma duk a gidajen wasu aka haife su. Wannan a ƙarƙashin rufinta take, tana jin kukanta ta bango, kuma son da take yi mata har tsoro yake ba ta. In za ta ɗauke ta sai ta wanke hannu har gwiwa sau biyu, ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a tafinta, ta tallabo ta da kan yatsu, ta ɗauke numfashi. In wasa za ta yi mata, ƙofa take yi wa. Sanarwa kuwa kan faɗo ba sallama ta wawuri jaririyar ta yi ta sumbata, tana tafiya Hantsaki ta ɗauko auduga da tafasasshen ruwa ta goge kumatun. Wannan bai dami Malama ba. Abin da ya dame ta shi ne wata safiya da ita da kanta ta sumbaci 'yarta kafin ta fita makaranta, ta dawo ɗaukar jakarta da ta manta, ta tarar da surukarta da auduga a hannu tana goge wurin.

Ta ɗauki jakarta ta fita. Bayan mako biyu Auta ya zauna gaban uwarsa yana sosa ƙeya, ya ce sun sami ɗaki kusa da makarantar Malama, ranar Asabar ta ƙarshen wata za su tashi. Ya ce nisa ne ya yi mata yawa. Hantsaki ta gaya wa firiji cewa babu komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ta ma yarda da zancen nisan, sai da Sanarwa ta tare ta a matakala, ta ce ita fa ba ta son shiga abin da ba ruwanta, amma a matsayinta na aminiya dole ta faɗa: yarinyar ta ce ba nisa ba ne, surukarta ce ba ta ƙaunar ganinta, shekara biyu ko sau ɗaya ba ta dubi fuskarta ba, kuma ƙyamarta take yi.

Hantsaki ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta ji zafi, ta ji haushi, amma tsoro ya fi su yawa. Ta san yadda gidan nan yake in babu kowa, ta ɗanɗana bayan rasuwar mijinta, kuma yanzu za a fitar mata da mutum biyun da suka sa take saurin dawowa daga aiki. Ta bincika kanta sama da ƙasa ba ta ga laifinta ba. Ita da ke kallon yarinyar nan kullum? Gaskiya ne tana kallonta, amma sai bakinta na rufe, kuma sai Malama ta juya baya.

Ranar Litinin ta kai maganar ɗakin aiki. Mata arba'in suka karkata hagu suka zauna shari'a da bango. Ta kusa da ita ta ce 'ya'yan zamani ne, ba a iya musu, ita ma matar ɗanta haka ta kwashe kaya ta ce wai ba a kallonta. Wata daga layin baya ta ce tata ma haka ta ce. Wata ta ce ita mijin 'yarta ne ya daina zuwa gaishe ta, kalmar ke nan ɗaya. Kafin a tashi shan shayi an sami mata goma sha ɗaya masu ciwo iri ɗaya. Suka yi mamakin yadda abin ya zo daidai haka, suka yanke cewa lallai wani abu ake koya wa yaran nan a makaranta. Laifi tudu ne, kowa ta taka nata tana hangen na matar ɗanta.

Sai ranar Laraba asiri ya tonu, kuma ba daga ɗakinsu ba. A tsakar masana'antar akwai benci kusa da famfo, nan Mai Wuta ke zama lokacin hutu. Shi ne ke kula da injin da ke manne gilashi, tsoho ne wanda harshen wuta ya cinye wa gira tun yana saurayi. Marigayiya matarsa a ɗakin su Hantsaki ta yi aiki har ta bar duniya. Labarin ya riga ya iso masa, don a masana'anta ma ba a rasa irin su Sanarwa. Da Hantsaki ta zo wanke kofinta sai ya kira ta, ya zaro wani ɗan tsohon hoto daga aljihu ya miƙa mata, ya ce ko ta tuna wannan. Ta goge hannu ta karɓa ta gefe-gefe. Matarsa ce. Ta ce Allah ya jiƙanta, mace ta gari, ba ta taɓa ɓata raga ko ɗaya ba.

"Da wa kike magana?" in ji Mai Wuta. "Da ita ko da famfo?"

Hantsaki ta duba, ta ga lallai famfo take fuskanta, hoton yana can dama a hannunta.

"Shekara ashirin da shida na yi ina auren kunnen dama," ya ce. "Ni ban damu ba, don tagar ɗakin aikina na kallon naku, na san abin da kuke kau wa kai da abin da kuke kallo. Ranar da ta fara yi min magana tana kallon bango, ranar na san na samu shiga. Amma yarinyar gidanki ba ta da wannan tagar."

Ya karɓi hotonsa ya mayar aljihu. Ya ƙara da cewa shi kam shekara talatin ke nan tana yi masa magana tana kallon tsakiyar idonsa, bai kuma taɓa kai ƙara ko'ina ba. Hantsaki ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ta ga har yanzu shi take kallo, sai ta rufe bakin ta koma bakin aiki. A ranar ta ɓata raga huɗu, abin da ba ta yi ba tun zamanin Rula.

Kwana uku suka rage mata. Ta fara gwaji a madubin bayi, ta ga abin babu wuya ko kaɗan, tana kallon kanta tana magana tiryan-tiryan. Sai daga baya ta gane dalilin sauƙin, ranta ya ɗan sosu, amma ba ta da lokacin tausayin kanta. Da yamma ta sami Malama a falo tana naɗe labule, ta tsaya a gabanta ta kafa mata ido. Wuya na ja hagu, ita tana ja dama. Baki ya ƙi buɗuwa, numfashi ya ɗauke da kansa, idanu suka firfito, jijiyar goshi ta tashi. Malama ta ajiye labulen a hankali, ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki ta murza mukulli.

Ranar Alhamis Hantsaki ta zo da dabara. Ta ce in bakin yana rufe wataƙila wuyan ya yarda, sai ta taho da takunkumi daga wurin aiki ta ɗaura kafin ta shiga gida. Wuyan bai yarda ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne Malama ta gaya wa Auta cewa yanzu kuma wari suke yi wa Inna. Garin neman gira ana shirin rasa ido. Ranar Juma'a ta ce bari ta bar dabara ta yi bayani kawai. Ta fara da kyau, ta ce akwai wata mata da ake kira Rula, amma firiji take ba labarin, kafin ta kai ga kwandon tarkace ta waiwayo ta tarar babu kowa a kicin ɗin sai ita.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar bene. Auta da mai motar suka sauke gado, suka sauke kujeru da akwatuna. Sanarwa ta fito da bokitin wanki ta zauna a matakala, inda za ta ga komai, tana ba masu wucewa bayani. Hantsaki na tsaye a falo tana kallon inda gadon jaririyar ya bar alama a ƙasa. Malama ta fito da 'yarta a kafaɗa, jaka a hannu, ta ɗan rusuna ta ce Inna za su wuce, a yafe mata in ta yi wani laifi. Ƙofa a buɗe take.

"Tsaya, 'yar nan," in ji Hantsaki, tana kallon bango. "Auta, ajiye fankar nan, zo ka riƙe min kai."

Auta ya ce bai gane ba. Ta ce ba ta ce ya gane ba, ya tsaya a bayanta ya sa hannu biyu ya riƙe kan, ya saita shi ga matarsa, in ya juya ya mayar da shi. Ya ajiye fankar ya zo ya kama kan uwarsa kamar sitiyari. Ya ji ƙarfin da wuyan ke yi, ya gyara tsayuwa.

"A wurin aikinmu," ta ce, "abin da ba a so ya lalace ba a yi masa magana a fuska. Numfashi na ɓata shi, yawu na ɓata shi. Da duka aka koya min. Ban san na kawo shi gida ba sai ranar Laraba. Duk abin da kika ga ina kau wa kai, mai daraja ne. Abin da kika ga ina kallo ina magana, na kwandon tarkace ne."

A matakala wani abu ya faru da ba a taɓa gani ba a benen nan. Sanarwa ta yi shiru, ta ɗauki bokitinta ta shige ɗaki.

Hantsaki ta ci gaba. "Tun ranar da kika wanke kofin nan na san sa'ar Auta ta fi hankalinsa yawa. Ke da yarinyar nan ku ne abin da na fi tsoron ɓatawa. In makaranta ce ta yi miki nisa, ki tafi, ni zan taya ki ɗaure kaya. Amma kar ki fita gidan nan kina cewa ba na son ganinki."

Macen da ta shekara talatin ba ta yi wa mutumin kirki magana a fuska ba, ba ta san nisan da ake tsayawa ba, ba ta kuma san tana feshi ba. Sai da ta gama ta hango ɗigo-ɗigo a kan tabaran Malama, da wani a goshin jaririyar. Jikinta ya yi sanyi. Abin da ta yi shekara biyu tana gudu ke nan, ga shi ta aikata da bakinta. Ta fara laluben auduga a aljihu, tana cewa kin gani ko, ga irinta nan, na ɓata ku.

Malama ta cire tabaran ta duba. Kafaɗunta suka fara girgiza, Auta ya kasa gane dariya ce ko kuka, don duka biyun ne.

"Inna," ta ce, "yara arba'in ke yi min tari a fuska kullum. Ba na lalacewa. Ita ma ba za ta lalace ba."

Ta daɗe a tsaye tana share ido da bayan hannu. Mai mota ya danna oda daga ƙasa. Ta je taga ta leƙa ta ce masa ya yi haƙuri, a fara shigo da gadon. Mai motar ya faɗi wata magana da ba ta dace da littafi ba. Auta, da har yanzu kan uwarsa ke hannunsa, ya tambaya ko zai iya saki, tunda da alama shi ne zai sake hawo da gadon nan bene. Aka ce ya saki.

Yana saki kan ya koma hagu. Hantsaki ta tsaya nan tana fuskantar bango, hawaye na bin kumatunta, ta tambaya cikin faɗa-faɗa ko a duk wannan hidimar wani ya tuna ya ba yarinyar nan abinci, mai shayarwa tun safe tana ɗaga akwati. Malama ta dubi gefen fuskar da aka shekara biyu ana ba ta, ta matso kusa.

"Ban ci ba, Inna," ta ce.